Ɗanmusa Ya Tafi Neman Inda Sayin Ke Tsayawa

A Nasarawa Burkullu in ka ce Injiniya, Ɗanmusa kake nufi. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya rubuta abinsa da fenti a ƙofar shago, mutane suka ga ba su da lokacin gardama, suka bar masa. Yana gyaran rediyo da fitilun sola, yana cajin waya. Shi ya taɓa gyara lasifikar masallacin unguwa, ta yi ƙarfi ƙwarai, sai dai ana tsakiyar kiran sallar Azahar takan kamo wata tasha da ke karanta gaisuwar masu sauraro. Ɗanmusa ya ce wannan ƙari ne ya yi wa jama'a.

Yana da 'ya mai suna Fa'iza, tana ajin ƙarshe a sakandare, kanta na ja a lissafi. Duk inda aka yabe ta, Ɗanmusa nasa kan yake shafawa. A shekarar aka zaɓe ta ta wakilci ƙaramar hukumarsu ta Bukkuyum a gasar lissafi da za a yi a Gummi tsakanin makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum. Wanda ya zo na ɗaya za a ba shi gurbi a wata kwalejin kimiyya, har da wurin kwana. Fa'iza ta sa abin a ranta har abinci ya daina yi mata daɗi.

Wata Asabar da hantsi malaminsu na lissafi, Malam Alfred, mutumin Filato da ya daɗe a garin, ya zo zaure yana yi mata bita. Ɗanmusa na gefe yana kwance tocilan wani. Malam Alfred ya zana da'ira a ƙaramin allo.

"Ki ɗauka ƙafar keke ce," ya ce. "Ki sa alama a bakinta. In tana juyawa, alamar na hawa tana sauka. Tsayin alamar daga tsakiyar ƙafa shi ne sayin. Yawan juyin da ƙafar ta yi shi ne eks. Can ƙoli sayin ɗaya ne, can ƙasa ɗaya ne a ƙarƙashin sifili, ba ya wuce nan. To idan eks ya yi ta girma ba ƙarshe, a wace lamba sayin zai tsaya?"

"Ba shi da matsaya," in ji Fa'iza. "Hawa da sauka zai yi ta yi."

"Madalla. In kuma aka raba sayin da eks?"

"Sifili. Na sama ba ya wuce ɗaya, na ƙasa kuwa sai girma yake."

Ɗanmusa ya ajiye sukudireba.

"Malam, dakata. Na biyun na yarda da shi, ya san gidansu. Na hwarkon mi kac ce?"

"Babu matsaya, Injiniya."

"Babu, ko ba ku gano ba?"

"Babu."

"Wa yat tahi yad duba?"

"Ai ba zuwa ake yi ba. Hujja ake kafawa."

"Wato ba wanda yat tahi." Ɗanmusa ya gyara zama. "Gulbin Zamfara da tsawonai yana da inda yaka zubawa. Jakin da yaɓ ɓace, in rana ta hwaɗi, wani wuri yaka tsayawa. Sai sayin na ba shi da gida? Masu littahin nan gajiya sunka yi bisa hanya, sunka rubuta babu, sunka koma cin abinci. Ni za ni gano wurin kahin ranar gasa."

Matarsa Hajara ta yi magana daga bayan labule. "Malam, mai tocilan dai ya aiko tun jiya."

"Shi jira. Duniya ta jira, balle shi."

Da kalkuletar Fa'iza ya fara. Ya nemi sayin na dubu, ta ba shi ɗigo tara takwas da wasu 'yan lambobi a baya, a ƙarƙashin sifili, saura ƙiris ya kai ƙasan ƙafa. Ya ƙara sifili guda, dubu goma, ta maimaita amsar. Ya ƙara wani, ta maimaita. Ya yi ta jera sifili tana ba shi abu ɗaya, har ta rubuta wata kalma da Turanci ta ƙi ci gaba. Ɗanmusa ya gane ta isa ƙarshen hanya ke nan. Ya sa hula, ya nufi teburin mai shayi.

Abokinsa Sahabi mai injin niƙa na zaune a can, gari duk a girarsa. Ɗanmusa ya ɗora kalkuleta tsakanin gwangwanayen madara.

"Jama'a, ku shaida. Abin da yag gagari Turawa an gama shi yau a Nasarawa Burkullu, kahin Azahar. Sunanai Matsayar Ɗanmusa."

"Mi aka yi da ita?" in ji Sahabi.

"Saninta aka yi."

Ana cikin haka Malam Alfred ya zo wucewa a babur, aka tsayar da shi. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi kalkuletar, ya nemi sayin na dubu tara. Ta ce sifili. Ya nemi na dubu biyu, ta kawo wata lamba dabam.

"Sa'ar lambobi ka yi, Injiniya," ya ce. "Dubu, dubu goma, dubu ɗari, duk a wuri ɗaya suke sauke alamar in ƙafa ta gama zagayenta. Da ka canza hanya za ka faɗa wani wuri."

"To don mi za ni sake hanya, tunda wagga ta kai ni?"

"Amma dai ta ba ka amsa guda, ta ba malam wata," in ji Sahabi.

"Kalkuletar 'yan makaranta ta. Ta ga malami, ta hwaɗi abin da yaka son ji."

Malam Alfred ya tada babur ɗinsa, don yana da wata bitar a gaba.

Kashegari Ɗanmusa ya ce ya daina amincewa da abin da ke aiki da batir. Ya fito da tsohon kekensa, ya kifa shi a ƙofar shago, ƙafafu sama. Ya ɗiga farin fenti a bakin ƙafar gaba, daidai bawul ɗin da ake busa iska, ya kaɗa ta da ƙarfi. Ƙafar ta yi ta juyawa, ta rage, ta yi lilo gaba da baya, ta tsaya da alamar a ƙasa. Ya sake, ta sake tsayawa a ƙasa. Mutane suka fara taruwa.

Gwaggo Hure, tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, ta tsaya da ƙwaryarta a ka.

"Injiniya, faci kaka yi ko duba?"

"Ilimi nika yi, Gwaggo."

"To in ya hwaɗi wanda yas sace mini akuya, ka aiko."

Fa'iza ta zo wucewa daga Islamiyya, ya kira ta ta ga abin da malaminta ya ce babu. Ta kalla sau biyu. Ta sunkuya, ta yi ƙasa da murya don kada jama'a su ji.

"Baba, bawul ɗin ya fi ko'ina nauyi, shi ya sa yake komawa ƙasa."

"Nauyin ilimi na."

Ta ciro guntun alli daga jakarta, ta yi alama a ɗaya gefen ƙafar, ta kaɗa. Tata alamar ta tsaya a ƙoli. Wani daga baya ya yi tari mai kama da dariya.

"Ke ɗiyata ta, ko ɗiyar Malam Alfred?"

"Taka ce, Baba. Amma ƙafar da ta tsaya ai ba ta je ba ƙarshe ba. Gajiya ta yi."

Ɗanmusa ya dube ta. Ta ɗauka ya karɓa. Can sai ya ɗaga yatsa.

"Gaskiyarki. Ƙahwar da ba ta gajiya muka so."

Daga ƙarshen layi ana jin injin Sahabi yana tum-tum-tum.

Injin Sahabi shi kaɗai ne a unguwar. Tsohon inji ne mai shan gas, da babbar ƙafa ta baƙin ƙarfe a gefe, wadda ke jan bel ɗin da ke juya maniƙa. Sahabi ya ƙi da farko. Ɗanmusa ya ce shi zai kawo mai, kuma sunan injin zai shiga littafin da yaran Sakkwato da Kano za su riƙa haddacewa.

"Sunan injin ko nawa?" in ji Sahabi.

"Naka a sama, nashi a ƙasa."

Sahabi ya ce safiya ɗaya kawai.

Aka cire bel, aka ɗiga farin fenti a bakin ƙafar, aka tada inji. Ɗanmusa ya kawo kujera ya zauna gabanta, ya harɗe ƙafa. Tsarin mai sauƙi ne: a bar ta ta yi ta gudu har mai ya ƙare, inda alamar ta tsaya nan ne. Ƙoƙuna da robobin niƙa suka fara jeruwa a bakin rumfa, dawa da gero da masara. Gwaggo Hure ta kawo jiƙaƙƙen wakenta ta ajiye a gaba.

"Sahabi, injin na gudu, ba ya niƙa."

"Karatu yaka yi yau, Gwaggo."

"Yaushe za ya tashi daga makarantar?"

Rana ta take kafin mai ya ƙare. Injin ya yi tari, ƙafar ta rage gudu, kowa ya miƙa wuya. Alamar ta tsaya kusa da ƙoli.

"Gwaji na wanga," in ji Ɗanmusa. Ya ƙara mai.

Karo na biyu ta tsaya a gefe, tana kallon gabas. Ɗanmusa ya ce man na da ruwa. Kafin La'asar unguwa ta rabu biyu, 'yan sama da 'yan ƙasa. Wanzami ya zama shugaban 'yan sama, ya ce abin kirki ba ya ƙarewa a ƙasa. Mai faci ya ce duk abin da ya hau sai ya sauko, ya gani a sana'arsa. Ba wanda ya san abin da ake nema a cikinsu, amma mutum biyu sun daina gaisawa.

Waken Gwaggo Hure ya yi tsami. A gidaje aka fara jawo turame daga bayan rumbu, ana kakkaɓe musu yana. Unguwar ta ɗauki sautin dakan da aka daɗe ba a ji ba, kuma daga yadda taɓarya ke sauka kowane magidanci ya san ba da farin ciki ake yin sa ba.

Ɗanmusa ya duba rana, ya duba ƙafar, ya ga a wannan gudun ba za a isa ba ƙarshe da wuri ba. Akwai wani sukuru a jikin injin da ke riƙe gudunsa. Sahabi ya juya zai yi alwala, Ɗanmusa ya sa sifana ya sassauta shi.

Injin ya canza murya. Daga tum-tum ya koma wani irin kuka da ba a taɓa ji daga gare shi ba. Rumfar kwano ta ɗauki rawa, robobin niƙa suka fara tafiya da kansu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. 'Yan sama da 'yan ƙasa suka haɗu a kan ra'ayi ɗaya, suka watse. Sahabi ya yar da buta, ya ja ƙarfen kashewa, injin bai kula shi ba. Da ƙyar ya cusa buhu a inda yake shaƙar iska, ya shaƙe shi ya mutu.

Da hayaƙi ya lafa sai ga Ɗanmusa ya fito daga bayan wani durom.

"Ina alamar tat tsaya?"

Sahabi ya yi kansa. Aka riƙe shi.

Tun daga ranar injin ya daina jin magana. In an tada shi sai ya zabura, sai an shaƙe shi. Mai unguwa ya saurari ƙarar mata ta bakin mazajensu, ya yanke cewa Ɗanmusa ne zai kai injin Gummi wurin bakanike, ya dawo da shi yana niƙa. Ɗanmusa ya karɓi hukuncin da fara'ar da ta sa mai unguwa ya sake tunanin ko ya yi kuskure. Ya ce ranar gasa za a tafi, mota ɗaya ta ɗauki kowa.

Ana gobe tafiya ya kira Fa'iza tsakar gida.

"In sunka tambaye ki sayin, ki ce ɗigo tara takwas a ƙasa. Ki ce Matsayar Ɗanmusa."

"Baba, injin ai sama ya nuna, sannan gefe."

"Bai isa ba na. Kalkuleta da keke sun yi shaida, shaidu biyu."

Hajara na tankaɗen garin da ta daka da hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Malam, ka bar yarinya ta hwaɗi abin da anka koya mata. Kai ka riƙe taka matsayar, ba wanda za ya ƙwace."

"Ke ba ki san lissahi ba."

"Na san wanda yas sa ni daka."

Fa'iza ta ce Allah ya kai mu, ta shiga ɗaki.

Da sassafe aka ɗora injin a bayan a-kori-kura, a kan katakonsa, aka ɗaure. Sahabi ya zauna kusa da shi ya dafa shi kamar mai rakiyar majinyaci. Fa'iza da Hajara da Malam Alfred suka samu wuri a gaba da gefe. Ɗanmusa ya fito cikin babbar rigarsa ta shadda mai ruwan bula, wadda ba ya sawa sai Sallah, da gwangwanin fenti a aljihu. Hanyar ƙasa ce, mota na hawa tana sauka. Ɗanmusa ya ce wa Malam Alfred ko wannan hanyar ma tana da inda take ƙarewa. Malam Alfred ya ce haka ne.

A Gummi an kafa rumfunan tamfol a filin wata makaranta, an jera kujeru, manyan baƙi a gaba. Sahabi ya ce a wuce gareji tukuna. Ɗanmusa ya ce bakanike bai buɗe ba, shi Sahabi ya je ya nemo shi a gida, mota ta jira a inuwa. Sahabi ya tafi.

Shugabar alƙalan gasar Malama Evelyn ce, wata doguwa mai tabarau da ta zo daga Gusau. Tun farko ta sanar da cewa za a tashi da Azahar, don mutanen nesa su kama hanya da sauran rana. Aka yi ta tambayoyi, yaran Gummi suka faɗi, aka bar Fa'iza da wani yaron Anka mai suna Naziru. Naziru na gaba da ɗan kaɗan. Tambayar ƙarshe ta Fa'iza ce: in ta ci ta wuce shi, in ta faɗi gurbin ya tafi Anka.

Malama Evelyn ta karanta. "Idan eks ya yi ta girma ba ƙarshe, ina matsayar sayin eks?"

Fa'iza ta dubi jama'a. Ubanta na layi na uku, yana nuna mata ƙasa da babban yatsa. Ta mai da ido kan alƙalai.

"Babu matsaya. Yana kai da komo ne tsakanin ɗaya a sama da ɗaya a ƙasa."

Malama Evelyn ta ɗauki biro. Ɗanmusa ya miƙe.

"Ban yarda ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Daga Anka kake, Malam?"

"Daga Nasarawa Burkullu. Ni na ubanta."

"Ka fahimci cewa amsar 'yarka kake ƙalubalanta?"

"Gaskiya ba ta da ɗiya, Malama."

Hajara ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Alfred ya sa kansa cikin tafin hannu. Alƙalai suka haɗa kai, suka duba ƙa'ida, sai ga shi a rubuce: duk ƙorafin da aka ɗaga sai an saurare shi kafin a ba da maki, in kuma lokaci ya cika ba a warware ba, an soke tambayar. Malama Evelyn ta karanta wa kowa. Azahar ta kusa.

Mutanen Anka suka fi kowa saurin fahimta. Wani dattijo a cikinsu ya miƙe ya ce a ba bawan Allah nan dama, ilimi ba a yi masa gaggawa. Suka yi tafi. Ɗanmusa ya juya ya ɗaga musu hannu biyu.

"Kun gani," ya ce wa Malam Alfred, "baƙi sun hi na gida sanin mutum."

"Injiniya, gurbin Fa'iza suke tafa wa."

Bai ji ba. Malama Evelyn ta miƙa masa alli ta nuna allo. Ya ce shi ba da alli yake hujja ba. Ya yafito direba, a-kori-kura ta yi baya-baya har bakin rumfar manyan baƙi. Ya haye, ya yaye buhun da aka rufe injin, ya yi jawabi a kan kalkuleta da keke da gajiyar Turawa, mutanen Anka na ce masa ya ƙara bayani. Sannan ya buɗe gwangwani ya lafta fenti mai kauri a kan tsohuwar alamar, don na baya su gani.

"Baba," in ji Fa'iza daga kan dandamali. "Don Allah."

Ya ɗan tsaya, ya dube ta. "Don ke nika yi. Kada ki shiga kwaleji da babu a baki."

Ya sa hannun tayarwa ya juya. Injin ya yi tari biyu ya kama.

Bai ma tsaya yin tum-tum ba, kai tsaye ya wuce kukan. Motar ta fara rawa a kan tayoyinta. Hayaƙi ya shiga rumfa, manyan baƙi suka fara neman takalmansu. Ɗanmusa ya matso kusa da ƙafar yana nuna alamar da ba wanda ke iya gani saboda gudu, ya ɗaga hannu don ya jaddada magana. Hannun babbar riga ya sauka a kan ƙarfe.

Allah ya taimake shi hannuwansa na sama. Rigar ta fita ta kansa cikin ƙiftawar ido, ta tafi da hular. Ƙafar ta naɗe rabinta tana kaɗa sauran a iska, sauran ya kamo igiyar rumfa, igiyar ta jawo sanda, rumfar ta durƙusa a hankali ta kwanta a kan layin gaba. Daga ƙarƙashin tamfol aka ji ana salati da muryoyi daban-daban, wata da Turanci.

Daidai lokacin Sahabi ya shigo filin da bakanike. Bai yi tambaya ba. Ya haye motar, ya ture Ɗanmusa, ya cusa buhu a hancin injin. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru.

Aka ɗaga tamfol, aka fito da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ji ciwo sai wani da ya zauna a kan gorar lemo. Malama Evelyn ta fito ta ƙarshe. Ta gyara tabarau, ta duba agogo, ta taka har bakin motar. Ɗanmusa na tsaye da singileti da wando.

"An gama hujjar, Malam?"

"An gama."

"To nuna mana inda alamar ta tsaya."

Sahabi da bakanike suka warware abin da ya rage na shadda daga jikin ƙafar. Jama'a suka matso, mutanen Anka a gaba. Fentin ɗanye ne lokacin da rigar ta kama shi, ta goge shi zagaye da bakin ƙafar duka. Farin layi ya kewaye ta, ba farko ba ƙarshe.

Ɗanmusa ya duba ƙasa, akwai fenti. Ya duba ƙoli, akwai. Ya zagaya ya duba gefe.

"Tana sama?" in ji Malama Evelyn.

"Tana sama."

"Tana ƙasa?"

"Tana nan ma."

"Wace lamba zan rubuta?"

Ya sosa ƙeya. Daga masallacin da ke bayan katanga aka ji ladan na gyaran murya a lasifika. Dattijon Anka ya ce a bar Injiniya ya yi nazari a tsanake. Ɗanmusa ya ɗago, ya hango Fa'iza a kan dandamali, ta riƙe bakin hijabinta da hannu biyu, ba ta ko motsi. Ya sake kallon ƙafar.

"Ba ta tsaya wuri guda ba," ya ce.

"Wato babu matsaya."

"Babu."

"Ka janye ƙorafinka?"

"Na tabbatar da amsa dai. Da can hwaɗi kuka yi, yanzu an gani da ido."

"Abin da 'yarka ta faɗa tun farko ke nan."

Ɗanmusa ya dube ta da mamakin yadda mai ilimi irinta za ta rasa gane abu a fili.

"To wa kika jin ya koya mata?"

Malama Evelyn ta rubuta makin kafin ladan ya ɗaga murya. Fa'iza ta zauna a bakin dandamali tana share ido, Hajara ta je ta riƙe ta. Sahabi da bakanike suka ja motar zuwa gareji, ba su nemi rakiya ba. Wani daga cikin masu shirya taro ya yaye zanen da ke kan teburin alƙalai ya miƙa wa Ɗanmusa ya rufe jiki. Ya yafa shi a kafaɗa, ya ga kujerun gaba sun zama ba kowa, ya zauna a ta tsakiya, ya fara karɓar barka.